Ciyawa mai faɗin ganye a gonar alkama: tambayoyin manoman rani

A fangalolin Jiratawa da sauran bakin Gulbin Maraɗi, alkama kan tashi a haɗe, hauya ba ta samun wurin shiga. Shi ya sa tambaya kan maganin feshi ta yi yawa.

Wane magani ke kashe ciyawar ya bar alkama?

Wanda aka fi sani shi ne 2,4-D. Yana sa rukuɓu da halshen saniya su yi girman hauka: kara ya murɗe, ganye ya nannaɗe, cikin mako biyu sun bushe. Alkama dangin ciyawa mai siririn ganye ce, tana jurewa. Kiri-kiri da harkiya ma haka, kada a ce maganin jabu ne don sun tsira.

Yaushe ake fesawa?

Nan ne ake yawan ɓarna. A jira alkama ta yi gindi ta fitar da 'ya'ya, wajen mako 4 zuwa 5 bayan shuka, ciyawa kuma tana ƙanana. In aka yi gaggawa, zangarniya kan fito a karkace. In aka bari har ta ɗauki ciki, ƙwaya ce za ta ragu. A ganina manomi ya tsuguna ya duba gindin da hannunsa ya fi ƙidayar kwana, don sanyin hunturu na bana ba na bara ba ne.

Ko gilifosat zai yi?

A'a! Ba ya zaɓe, har alkamar zai cinye. Kafin shuka ake amfani da shi. Farakwat kuwa, wani maganin ciyawa, ƙasashen CILSS (ƙungiyar yaƙi da fari a yankin Sahel), har da Nijar, sun hana shi tun 2011, ko da an gan shi a kasuwa.

Tumatirin maƙwabci fa?

Iska kaɗan ta isa ta kai masa feshin, kuma tumatir da zogale da wake ba sa jure 2,4-D. A fesa da sassafe kafin iskar hunturu ta taso, bakin famfo ƙasa-ƙasa. Famfon ma a ware shi daban, saura kaɗan a cikin tanki kan lanƙwashe tumatir.

Nawa za a zuba?

Abin da takardar jikin kwalba ta ce, a auna da ma'auni, ba da ido ba. In rubutun ya shige duhu, a kai wa malamin gona. A sa takalmin roba, a rufe hannu da hanci, sannan a faɗa wa mata masu tsinkar rukuɓu don kwaɗo cewa fangalin nan an fesa shi.