Waiwaye: Yadda Mike Vrabel ya taso daga benci a Pittsburgh har ya hau kujerar Belichick

Ranar 12 ga Janairun 2025 ƙungiyar New England Patriots, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin gasar NFL ta ƙwallon ƙafar Amurka, ta naɗa Mike Vrabel babban kocinta. Mako guda kafin nan ta sallami Jerod Mayo, wanda ya riƙe ƙungiyar kaka ɗaya tak, ya ci wasa 4 aka doke shi a 13. Mutanen biyu gida ɗaya suka fito. Dukansu sun yi wa Patriots wasa a ƙarƙashin tsohon kocinta Bill Belichick, a matsayi iri ɗaya na lainbaka, har sun yi kakar 2008 tare. Amma hanyar da kowannensu ya bi zuwa kujerar ba ɗaya ba ce, kuma a ganina nan ne labarin yake.

A wannan wasa kowane ɓangare 'yan wasa 11 ne a fili, kuma masu tsaro sahu uku suke tsayawa. Ƙarti na gaba suna gwabzawa ƙirji da ƙirji, masu gudu na can baya suna bin masu cafe ƙwallo, lainbaka kuma yana tsakani. In abokan hamayya sun taho da ƙwallo a hannu shi zai tare, in sun jefa ta sama shi zai ja baya ya rufe gurbi, wani lokaci kuma a tura shi ya afka wa kwatabak, wato madugun masu kai hari, kafin ya yi jifa. Mai kallon ƙwallon Turai zai iya kwatanta shi da ɗan tsakiya mai tare gida. Tun 2008 hukumar gasar ta yarda ɗan tsaro ɗaya ya sa hular kwano mai rediyo don jin umarnin koci, kuma galibi lainbaka ake ba ta, shi ya tara 'yan uwansa ya gaya musu tsarin da za a bi. Mutumin da ya shekara goma yana wannan aiki ya riga ya fara koyarwa tun yana cikin fili.

Shi ya sa tarihin gasar cike yake da masu wannan matsayi da suka koma horarwa. Chuck Noll, wanda ya ci wa Pittsburgh Steelers kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, har huɗu, ya taɓa matsayin a Cleveland. Marty Schottenheimer ya ci wasa 200 a matsayin koci. Bill Cowher ya riƙe Pittsburgh daga 1992 zuwa 2006. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da ya yi tashe a zamanin wasansa. Wanda ya yi tashen gaske, Mike Singletary na Chicago Bears, da aka ba shi San Francisco 49ers tsakanin 2008 da 2010 nasara 18 ya samu aka doke shi sau 22, aka sallame shi.

An haifi Vrabel ranar 14 ga Agustan 1975 a Akron da ke jihar Ohio. A Jami'ar Ohio State, daga 1993 zuwa 1996, a sahun gaba yake wasa, kuma ya kayar da kwatabak sau 36, adadin da ya zama tarihi a jami'ar. Duk da haka da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa na 1997 sai a zagaye na uku Pittsburgh ta ɗauke shi, shi ne na 91. Matsalarsa ita ce jikinsa bai kai na ƙartin sahun gaba na NFL ba, aikin lainbaka kuma bai saba da shi ba. Kaka huɗu ya yi a ƙarƙashin Cowher ba a taɓa fara wasa da shi ba. Sai dai a sako shi na ɗan lokaci a cire, ko a tura shi cikin rukunin da ke bin ƙwallo da gudu idan an buga ta. Abu ɗaya da ake tunawa da shi a waɗannan shekaru ya faru a Janairun 1998, a wasan sili-ɗaya-ƙwale da New England: dab da tashi ya kayar da kwatabak ɗinsu Drew Bledsoe, ƙwallo ta suɓuce, Pittsburgh ta tsira da ci 7 da 6.

Ban ɗauki shekaru huɗun nan a matsayin asara ba. Ɗan wasan da ba shi da tabbacin gurbi dole ya haddace aikin mutum uku ko huɗu, domin bai san ta inda kira zai zo ba. Tauraro ba ya shan wannan wahala, kuma sau da yawa idan ya zama koci yakan kasa gane abin da ke hana matsakaicin ɗan wasa yin abin da shi yake yi ba da tunani ba.

A 2001 Belichick, wanda ke neman haziƙan 'yan wasa masu araha, ya ɗauko shi zuwa New England ya ba shi gurbi na dindindin. A ƙarshen wannan kakar Patriots suka haɗu da St. Louis Rams a Super Bowl, kowa ya ɗauka Rams za su yi musu kaca-kaca. A zubi na biyu, Rams na gaba da 3 da 0, Vrabel ya kutso ta gefe babu wanda ya tare shi, ya isa kan kwatabak ɗinsu Kurt Warner daidai lokacin da yake sakin ƙwallo. Ƙwallon ta karkace, Ty Law na Patriots ya cafe ta ya zura yadi 47 har gidan ci, wato ƙarshen fili inda ake samun maki. Wasan ya tashi 20 da 17, kofin farko a tarihin ƙungiyar.

Daga nan Belichick ya fara amfani da shi ta hanyar da ba a saba ba. Idan Patriots sun matso yadi ɗaya ko biyu da gidan ci, sai a sako Vrabel cikin masu kai hari kamar ya zo tare hanya, shi kuma ya sulale gefe kwatabak Tom Brady ya jefa masa. A Super Bowl na Fabrairun 2004 da Carolina Panthers ya kayar da kwatabak sau biyu, sannan saura ƙasa da minti uku, Patriots na baya da 22 da 21, ya cafe jifar Brady ya mayar da su gaba. Suka ci 32 da 29. Shekara na zagayowa ya sake cafe wata a kan Philadelphia Eagles. Duk tsawon wasansa ƙwallo 12 ya cafe daga kwatabak ɗinsa, kuma kowacce a gidan ci ya cafe ta. Kakarsa mafi kyau ita ce 2007, da ya kayar da kwatabak sau 12 da rabi (idan mutum biyu suka haɗu suka kayar, raba musu ake yi), shekarar da Patriots suka cinye wasa 16 cif sannan New York Giants suka doke su 17 da 14 a wasan ƙarshe.

Rabuwarsu ba ta yi daɗi ba. A Fabrairun 2009 Belichick ya haɗa shi da kwatabak Matt Cassel ya miƙa wa Kansas City Chiefs, a madadin damar zaɓen ɗan wasa ɗaya a zagaye na biyu. Kaka biyu ya yi a can. Yana cikin shugabannin ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, kuma da masu ƙungiyoyi suka rufe ƙofa a 2011 saboda rikicin rabon kuɗi, sunansa na cikin waɗanda suka kai gasar kotu tare da Brady. A Yulin wannan shekara ya rataye takalmi.

Abin da ya yi bayan haka shi ya fi jan hankalina. Mai zoben Super Bowl uku a yatsa, da aikin talabijin ya nema da ya samu. Sai ya koma Ohio State ƙaramin koci mai kula da lainbaka, a ƙarƙashin tsohon abokin wasansa Luke Fickell, wanda aka ba riƙon ƙwarya bayan murabus ɗin Jim Tressel. Kakar ta yi muni, nasara 6 shan kashi 7. Urban Meyer ya zo a 2012 ya riƙe shi ya mayar da shi kan sahun gaba, suka cinye wasa 12 ba a doke su ba. Aikin ƙaramin koci a jami'a ba na jin daɗi ba ne: bin makarantun sakandare, zama a falon iyaye ana lallashin yaro ɗan shekara 17, koya wa sabon shiga inda zai aza ƙafa da hannu. Shekara uku ya yi a haka. A 2014 ya koma Houston Texans ƙarƙashin Bill O'Brien, ya ƙara shekara uku yana horar da lainbaka, sannan a 2017 aka damƙa masa tsaron baki ɗaya. Manyan 'yan tsaronsa J.J. Watt da Whitney Mercilus suka ji rauni tun da wuri, kuma babu ƙungiyar da aka zura wa maki kamar Houston a wannan kaka. Duk da haka Tennessee Titans ta ɗauke shi babban koci a Janairun 2018, mutane da yawa na tambayar dalili.

A lura, ko kwana ɗaya bai taɓa yin aikin koci a ƙarƙashin Belichick ba. Waɗanda suka yi, irin su Eric Mangini, Josh McDaniels, Matt Patricia da Joe Judge, da suka samu ƙungiyoyinsu sun yi ƙoƙarin kwaikwayon tsananinsa ba tare da suna da nasarorin da ke sa 'yan wasa su jure ba, kuma duk an kore su. Mayo ma daga 2019 duk aikinsa na koci a gidan Belichick ya yi shi, bai ga yadda ake yi a wani wuri ba, kuma ban ga adalci a ɗora masa wannan nauyi da wuri sannan a sauke shi bayan kaka ɗaya ba. Vrabel ilimin wasan ya ɗauka daga Belichick, hulɗa da mutane kuwa a wasu gidajen ya koye ta. Har yanzu yakan ɗaura katifar kariya a ƙirji ya shiga atisaye 'yan wasa su yi ta bangazarsa. A Agustan 2025, a atisayen haɗin gwiwa da Washington, faɗa ya kaure ya faɗa cikin cincirindon don rabawa, ya fito kumatunsa na jini.

A Tennessee an san shi da kasada. A Oktoban 2018 a filin Wembley na Landan, maimakon ya buga maki ɗaya a yi kunnen doki da Chargers, ya nemi biyu don ya ci, bai samu ba, aka doke su 20 da 19. Ranar da ta fi fito da shi ita ce 4 ga Janairun 2020, da ya kai Titans gidan tsohon maigidansa. Ɗan wasansa Derrick Henry ya yi gudun yadi 182 da ƙwallo. A zubin ƙarshe, Titans na gaba da 14 da 13, Vrabel ya sa 'yan wasansa suka yi ta aikata ƙananan laifuka da gangan kafin su buga ƙwallo, domin a dokar lokacin agogo ci gaba yake da tafiya bayan kowane hukunci. Kusan minti biyu suka salwanta, Belichick na bakin fili yana ta yi wa alƙalai faɗa. Dabarar Belichick ɗin ce, shi ya yi wa New York Jets ita watanni kaɗan kafin nan. Jifar ƙarshe da Brady ya yi sanye da rigar Patriots, Logan Ryan na Titans ne ya cafe ta ya ci, aka tashi 20 da 13. Hukumar gasar ta toshe wannan kafa a shekarar. Titans suka doke Baltimore 28 da 12, sannan Kansas City ta tsayar da su 35 da 24, saura taki ɗaya su kai Super Bowl.

A 2021 raunuka suka sa ya yi amfani da 'yan wasa 91, abin da ba a taɓa gani ba a gasar in ban da kakar yajin aikin 'yan wasa, amma ya gama da nasara 12 a saman AFC, ɗaya daga cikin ɓangarorin gasar biyu, aka zaɓe shi gwarzon koci na shekara. Sai dai a wasan farko na sili-ɗaya-ƙwale, duk da sun kayar da kwatabak Joe Burrow sau 9, Cincinnati ta ci su 19 da 16 a gida. Daga nan al'amura suka fara komawa baya. A Afrilun 2022 manajan ƙungiyar Jon Robinson ya sayar da A.J. Brown, mafi ƙwarewar masu cafe musu ƙwallo, ga Philadelphia. Titans suka fara kakar da nasara 7 cikin 10, sannan aka doke su sau 7 a jere, Robinson ma aka kore shi a Disamba. A 2023 wasa 6 kawai suka ci. Ranar 9 ga Janairun 2024 mai ƙungiyar Amy Adams Strunk ta sallami Vrabel, da nasara 54 da shan kashi 45. Yana da nasa laifin, domin a kakarsa biyu na ƙarshe harin ƙungiyar ya mutu kuma sahun da ke kare kwatabak ya lalace bai gyaru ba. Amma ba shi ya sayar da Brown ba, kuma a shekaru biyun da suka biyo bayan tafiyarsa Titans wasa uku-uku suka ci.

Babu ƙungiyar da ta ba shi babban aiki a 2024. Ya tafi Cleveland Browns mai ba da shawara, har New England, wadda ta saka shi cikin gwarazanta na tarihi a Oktoban 2023, ta kira shi. Ya tarar da ƙungiyar da ta ci wasa huɗu-huɗu shekara biyu a jere. Ya dawo da McDaniels ya damƙa masa hari da matashin kwatabak Drake Maye, aikin da McDaniels ya fi iyawa. Suka gama kakar 2025 da nasara 14 da shan kashi 3, aka sake ba Vrabel lambar gwarzon koci, suka kai Super Bowl. Ranar 8 ga Fabrairun 2026 Seattle Seahawks suka doke su 29 da 13, kuma abin da ya karya su a ranar shi ne wanda ya karya shi a Tennessee, sahun gaba ya kasa kare Maye. Mutum huɗu ne kacal suka taɓa cin wannan kofi suna 'yan wasa sannan suka ci shi suna manyan koci, Tom Flores, Mike Ditka, Tony Dungy da Doug Pederson, kuma kowannensu a ƙungiyoyi biyu daban ya yi. Idan Vrabel na son ya zama na farko da ya yi a ƙungiya ɗaya, sai ya gyara wannan sahun tun Maye na kan kwantiragin sabon shiga mai araha.