Antakiya

Antakiya tsohon birni ne a bakin kogin Asi, a lardin Hatay na kudancin Turkiyya ta yau. Selukus na Ɗaya, cikin sarakunan yaƙin Iskandar na Makidoniya, shi ya kafa birnin a shekara ta 300 kafin miladiyya, ya raɗa masa sunan mahaifinsa Antiyokus. Rumawa suka karɓe shi a 64 kafin miladiyya suka mai da shi hedikwatar lardin Suriya. A duk daularsu Roma da Iskandariya kaɗai suka fi shi girma.

Kiristanci ya iso nan ta hannun 'yan gudun hijira. Bayan an jajjefe Istifanas, ɗaya daga cikin mabiyan Yesu, a Urushalima, almajiran Yesu suka warwatse. Yawancinsu Yahudawa 'yan'uwansu kawai suke yi wa wa'azi, amma waɗansu mutanen Kubrus da Kurane da suka iso Antakiya suka shiga yi wa Helenawa ma, wato waɗanda ba Yahudawa ba. Ikilisiyar Urushalima ta aiko Barnaba ya ga abin da ake ciki, shi kuma ya je Tarsus ya ɗauko Bulus, suka shekara guda suna koyarwa. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce a nan aka fara kiran almajirai Kirista.

Haɗuwar nan ba ta zo da sauƙi ba, domin a kwano ɗaya ake gane zumunci. Bayahude mai kiyaye Attaura ba ya cin abinci da marar kaciya, ga shi kuwa ibadar ikilisiya a kan cin abinci tare take. Manzo Bitrus ya fara ci da marasa kaciya, da baƙi suka zo daga Urushalima sai ya janye, har Barnaba ya bi sahunsa. Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban jama'a. Taron Urushalima, wajen shekara ta 49, ya yanke cewa ba a tilasta wa wanda ba Bayahude ba yin kaciya.

Bishop Ignatiyus na Antakiya, wanda aka kai Roma aka kashe a zamanin Sarki Tarajan, ya rubuta wasiƙu bakwai a hanya, yana nanata a riƙe bishop ɗaya a kowane gari.

Birnin yana kan layin girgizar ƙasa, kuma ita ta karya shi. Ta 526 ta zo da gobara ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa, ta 528 ta ƙarasa abin da ya rage, Farisawa suka washe shi a 540. Musulmi suka ci shi wajen 637. Malaman tafsiri da dama sun ce Antakiya ce alƙaryar da aka ambata a Suratu Yasin, ko da yake Ibn Kasir bai gamsu da hakan ba. Masallacin Habibun Najjar, mai ɗauke da sunan mutumin da aka ce shi ne wanda surar ta ambata ya zo da gaggawa daga ƙarshen gari, ya rushe sosai a girgizar 6 ga Fabrairu 2023.