Kuɗin raino: kullum, mako, wata ko zango? Tambayoyi da amsoshi ga masu renon yara a gida a Sakkwato

Mace za ta gyara ɗaki ɗaya a gidanta a Mabera ko Arkilla, ta shimfiɗa leda da katifu, ta ɗauki yarinyar da za ta taya ta, yara shida ko takwas su taru. Kafin wata uku sai ta ga ana ta aiki tun bakwai na safe har la'asar sakaliya, amma kuɗin madara da gawayi daga aljihun maigida suke fitowa. Galibi idan aka bincika, farashin da ta sa bai yi kaɗan ba, ranar karɓarsa ce ba ta tsayar ba. Ga tambayoyin da masu wannan sana'a suka fi yawan yi.

Wane tsari ya fi, biyan kullum, na mako, na wata ko na zango?

Hajiya, dubi iyayen yaranki tukuna, ki tambayi kanki yaushe kuɗi ke shiga hannunsu. Ma'aikaciyar sakatariya, ko ta banki, ko ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sau ɗaya take ganin kuɗi a wata, don haka biyan wata ne daidai da ita. Mai shago a Babbar Kasuwa, da tela, da mai kitso, kuɗinsu kaɗan-kaɗan yake shigowa kuma ba ya kwana. Idan kika ce su tara miki na wata, kin ɗora musu abin da ba su saba ba, ke kuma za ki sha jira. Su biyan mako ya dace da su, ranar Litinin da safe. Malaman makaranta kan so na zango, domin idan an yi hutu suna gida da 'ya'yansu. Biyan kullum kuwa a bar shi ga wadda ke kawo yaro jefi-jefi, ranar da za ta asibiti ko wani biki.

Kada tsarinki ya wuce biyu. Gidan da wannan ke biya Laraba, waccan ranar 15, wata kuma sai ta ga dama, mai shi ba za ta taɓa sanin nawa ke hannunta ba.

A karɓa kafin a yi aikin ko bayan an yi?

Kafin. A nan ba mu da sassauci, domin duk abin da ke fita daga hannunki gaba yake fita. Gero da sukarin kunu, sabulu, omo, ruwan 'yan garuwa, gas ko gawayi, babu wanda zai jira ƙarshen wata. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ga ƙanƙara, ga ƙarin ruwan wanka, ga man janareta idan babu sola, don jariri ba ya kwana a ɗakin da fanka ba ta juyawa. Idan sai ƙarshen wata za a biya ki, kin ba kowace uwa bashin wata guda ke nan ba tare da ta roƙa ba.

Ga yadda asarar ke zuwa. Ranar 27 ga wata yaro bai zo ba, ranar 28 ma haka. Kin kira, an ce kakarsa ta zo daga ƙauye, ita za ta riƙa zama da shi. Kuɗin kwana ashirin da kika yi kina wanke masa kashi sai ki bi su da waya da aike, wataƙila a ba ki rabi. Da a farkon wata kika karɓa, da babu abin da ya shafe ki sai addu'ar Allah Ya raya.

To wadda ta ce sai albashi ya shigo fa?

Gaskiyarta ce, kuma tsarinki ya san da ita. Ki buɗe ƙofar biya daga 25 ga wata zuwa 5 ga sabon wata, ya zama kuɗin watan da ake shiga ne ake biya. Kwanakin nan kan haɗa da ranar albashin mafi yawan ma'aikata. Ki yi tuni ranar 25 da saƙo ɗaya ga kowa, ba tare da kiran sunan kowa ba. Wanda ya shigo tsakiyar wata, ki ƙirga masa kwanakin aikin da suka rage ya biya su, sannan ya shiga layin kowa daga 1 ga wata.

Don ranar da albashi zai yi jinkiri, ki karɓi kafin alƙalami na mako biyu ranar rajista, ki rubuta shi a matsayin ajiya. Ba naki ba ne, kada ki sayi katifa da shi. Idan uwa ta ba da sanarwar mako biyu kafin ta cire ɗanta, ki mayar mata ko ki cire a biyan ƙarshe.

Idan na mako N5,000 ne, na wata N20,000 ke nan?

A'a, kuma wannan kuskuren ya ci kuɗin mata da yawa ba su sani ba. Shekara mako 52 ce. Idan kika ɗauki kowane wata mako huɗu, sau 12 ya ba ki 48, mako huɗu sun tafi kyauta. A wannan misali, N5,000 sau 52 ya kama N260,000. A raba 12, na wata ya zama N21,667, ki ce N21,700 ko N22,000. Idan N20,000 kike karɓa, kina barin N20,000 a kan kowane yaro a shekara. Yara takwas, N160,000 ke nan, abin da ya fi mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ninki biyu.

Idan da gangan kike so ki yi wa masu biyan wata rangwame don suna hutar da ke, babu laifi, amma ki san nawa kika bari. Farashin kullum kuma ya ɗara na mako idan an raba shi biyar: a misalin nan N1,300 ko N1,500, ba N1,000 ba. In ba haka ba kowa zai koma biyan kullum, ranar da aka yi ruwa ki wayi gari da yara biyu da mai aiki tana jiran abinci.

Yaro ya yi kwana huɗu bai zo ba, sai na rage?

Abin da ake biya gurbi ne. Katifarsa tana nan, ba ki ba wani ba, albashin mai taya ki bai ragu ba. Ki faɗi wannan da bakinki ranar farko, tun ran gini tun ran zane. Amma akwai wurin tausayi, kuma ya kamata a rubuta shi don kada ya zama na wanda ya iya magana kaɗai: yaron da aka kwantar a asibiti, ko ƙyanda ta hana shi zuwa fiye da mako guda, a yafe kuɗin abinci na waɗannan kwanaki, ko a ɗauke rabin na makon. Ke ce ma za ki ce a bar shi gida idan cutar mai yaɗuwa ce, don haka bai dace uwa ta ji an hukunta ta ba.

Hutun ƙaramar Salla da babba da ranakun hutun gwamnati suna cikin farashi, ba a ragewa. Da azumi, idan ana ɗaukar yara da wuri, farashi na nan yadda yake. Dogon hutun makarantu ne ke da wuya. Malamai za su kwashe 'ya'yansu, ɗakin ya yi shiru wajen wata ɗaya da rabi. Wadda ke son ta tarar da gurbinta a Satumba ta biya kashi ɗaya cikin huɗu na riƙe wuri. Wadda ba ta biya ba, ta shiga layi kamar sabuwa.

Ma'aikatan jinya da ke aikin karɓa-karɓa, yau safe gobe dare?

Ki yi musu katin kwanaki. Ta sayi kwana goma ko goma sha biyu a gaba, duk ranar da ta kawo yaro ki sa hannu a gida ɗaya, katin ya ƙare aiki bayan kwana talatin. Ta aiko da jadawalin aikinta na mako tun Asabar. Kwanan dare farashinsa daban.

Biyan zango ba shi ne mafi daɗi ba, tunda kuɗi dunƙule suke zuwa?

Daɗinsa a makon farko yake. Kuɗin mako goma sha biyu ko sha uku sun shigo lokaci guda, ga biki, ga zubin adashi, ga firijin da aka daɗe ana so, kafin tsakiyar zango asusu ya bushe alhali yara na nan suna jiran kunu. Idan za ki karɓa, ranar da suka shigo ki kasa su gida uku, ki kai kashi biyu asusun da ba ki da katinsa a jaka. Sannan kin ɗaure kanki da farashi ɗaya na wata uku. Waɗanda suka ga yadda kaya suka tashi bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 sun san illar hakan. Kada kuma duk yaranki su fito daga ma'aikata ɗaya. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, an kuma riƙe albashinsu. Gidan da ya dogara da su kaɗai, tare da su ya shiga yajin.

Zan iya sa tara ga wanda ya yi jinkirin biya?

A kula sosai a nan. Ƙara kuɗi a kan bashi saboda jinkiri, malamai suna lissafa shi cikin riba, kuma iyaye a garin nan za su faɗa miki haka kai tsaye. Biya a gaba ya raba ki da wannan matsala, domin babu bashin da za a yi wa tara. Abin da ke hannunki shi ne dakatarwa: ranar 6 ki kira uwar ita kaɗai, ranar 8 idan babu biya babu magana, yaro ya tsaya gida har a daidaita. Ba a gaban yaro ba, ba kuma ta bakin ɗan aike ko mai Keke Napep da ke kawo shi ba.

Kuɗin makarar ɗauka daban ne, ladan ƙarin aiki ne da kika yi. Idan tashi huɗu ne, ki ba da minti goma sha biyar, bayan nan kowane rabin awa da kuɗinsa, kuma rabinsu ya tafi ga mai taya ki, tunda ita ce ta makara komawa gida. Albashinta ma shi za ki fara cirewa da zarar kuɗi sun shigo. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladarsa kafin guminsa ya bushe.

'Yar uwata ce, ko matar maƙwabci. Ina jin nauyin tambayarta.

Kunya ta fi kowane abu cinye jarin wannan sana'a. Maganinta takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu wanda zai ce kin ƙi zumunci don kin miƙo biro. Shafi ɗaya ya isa: nawa, wace rana, ƙarfe nawa ake kawowa da ɗauka, wa ke kawo famfas da madara, me zai faru idan an yi jinkiri. A rubuta sunan mai biya. Sau da yawa uwa ce ke kawo yaro amma uba ke da kuɗin, sai ki yi ta tuna wa wadda ba ita ke da aljihun ba. Idan kina son ki sauƙaƙa wa 'yar uwa, rage mata farashi a fili, ki ce "Yaya, naki N18,000 ne," amma ranar biyanta ɗaya da ta kowa.

Tsaba ko taransifa?

Ki karɓi duka biyun. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna haɗarin dogaro da ɗaya. Ki ware asusu na sana'ar kaɗai, ko na banki ko irin su OPay da Moniepoint. Hoton rasit da aka turo ta WhatsApp ba shaida ba ne, sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗin sun zauna. A sa sunan yaro a bayanin turawa, domin sau da yawa daga wurin mai POS ake turowa, sunan da zai fito ba ki san shi ba. Na tsaba kuma ki yanka rasit nan take, ki bar kwafi a littafi, ko da uwar tana sauri ga mai babur na jiranta a ƙofar gida.