Waiwaye: Yadda tallafin gaggawa ga makiyayan Amurka ya samo asali

A farkon Oktoban 2013 wata guguwar ƙanƙara ta afka wa yammacin jihar Dakota ta Kudu. Ruwan sama ne ya fara jiƙa shanu sharkaf, sannan iska da ƙanƙara suka biyo baya, alhali dabbobin ba su riga sun yi gashin hunturu ba. A gundumar Meade da maƙwabtanta, shanu sun yi ta bin iska har suka cushe a jikin shingen waya da cikin kwazazzabai, dubun dubata suka mutu a nan. Da makiyaya suka nufi ofishin hukumar kula da manoma ta FSA, sai suka tarar da shi a garƙame, domin rikicin kasafin kuɗi ya rufe gwamnatin tarayya tun ranar 1 ga watan. Ko da a buɗe yake ma babu abin da za a ba su, don wa'adin shirin biyan diyyar dabbobi ya ƙare tun Satumban 2011. Shawarar da aka ba su ita ce su ɗauki hoton kowace mushe, su adana lambar kunnenta, su jira.

Wannan jira tsohon ciwo ne. A lokacin farin da aka yi a 1934 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta sayi shanu sama da miliyan 8 daga hannun makiyaya. Waɗanda suka rame ƙwarai aka harbe aka binne, masu ɗan ƙwari aka yanka aka raba wa mabuƙata namansu a gwangwani. Daga nan kusan kullum sai bala'i ya auku majalisa ke zama ta ƙirƙiro shiri na wucin gadi, kuma gaggawa kan haifi ɓarna. A ƙarƙashin shirin da aka fara a 2002, an biya makiyayan wasu gundumomin Texas kuɗi don kawai tarkacen kumbon Columbia, wanda ya tarwatse a sama, ya faɗo a yankinsu a 2003, ba tare da an tambaye su ko sun yi asarar ko ɗan maraƙi ba.

Dokar noma ta 2008 ce ta fara kafa tsayayyun shirye-shirye, amma kuɗin da aka ware musu ya ƙare kafin babban farin 2012. Sai a Fabrairun 2014 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta mayar da su na dindindin, aka kuma biya asarar baya tun daga Oktoban 2011. Dokar ta ce a biya kashi 75 cikin 100 na farashin dabbar da ta mutu. Tallafin abincin dabbobi kuwa ya rataya ne ga taswirar fari da ake fitarwa duk mako, gunduma-gunduma.

A ganina nan ne sauran gyara yake. Gundumar Meade kaɗai ta fi murabba'in mil 3,000, kuma ruwan sama ba ya bin iyakar gunduma. Makiyayin da ciyawarsa ta ƙone zai iya rasa tallafi don taswira ba ta nuna gundumarsa da launin da ya kai ba, maƙwabcinsa na tsallaken iyaka kuwa ya karɓa. Makiyayan Dakota sai a Afrilun 2014 aka fara karɓar takardunsu, wata shida bayan guguwar, kuma a tsawon wannan lokaci bashin banki bai daina hawa kansu ba.