Ruwan da ya dace da tulu ba lallai ya dace da kifi ba

Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi a Katsina sun daɗe da yarda cewa ruwan da mutum zai sha, kifi ma zai rayu a cikinsa. Shi ya sa za ka ga an kwashe ruwan akwatin kaf, an cika da na famfo, ya yi garai-garai. Kafin magariba kifin ya taso sama yana haki.

Ruwan famfo irin wanda ake turowa daga madatsar Ajiwa, ana zuba masa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Ɗan wannan adadin ba ya yi mana komai, amma yana ƙona wurin da kifi ke numfashi da shi a gefen kansa. Yana kuma kashe bakteriya masu amfani da ke zaune a soson tace ruwa, waɗanda ke sarrafa ammoniya, wato gubar da kashin kifi ke fitarwa. Wanda ya wanke soson nan a bakin famfo, ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa.

Gyaran ba wuya. A tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya yi awa 24, kulorin zai bi iska. Inda ake amfani da kuloramin kuwa, wato kulorin da aka haɗa da ammoniya, kwana ba ya korar sa, sai maganin ɗigawa da masu sayar da kifin ado ke kawowa. A riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan akwatin duk mako, soson kuma a matse shi cikin tsohon ruwan.

Ruwan burtsatse ba kulorin, amma wanda ya yini a tankin sama a watan Afrilu, a taɓa shi da hannu tukuna a ji ko ya yi zafi.