Mene ne gunait da masu gina kwamin ninƙaya ke yawan ambata?

Duk wanda ya zauna da ɗan kwangila kan maganar kwamin ninƙaya na cikin gida, da wuya su tashi bai ji kalmar gunait ba. Wasu na ɗauka wani siminti ne na musamman da ake shigowa da shi daga waje. A'a, siminti da yashi ne irin waɗanda muka sani. Bambancin yana wajen yadda ake sa shi: ba a ɗebo shi da kwano a zuba, ba a shafa shi da cokalin birkila, harba shi ake yi ta cikin tiyo da ƙarfin iska.

Wani Ba'amurke mai suna Carl Akeley ne ya ƙirƙiro injin a shekarar 1907, aka yi amfani da shi wajen gyaran bangon wani gidan tarihi a birnin Chicago, ya kuma yi wa dabarar rajista a 1911. Sunan gunait daga kalmar bindiga ta Turanci ya samo asali, don da farko bindigar siminti ake ce wa injin.

Bayan an haƙa rami a fasalin da ake so, sai a shimfiɗa bututun ruwa, a saƙa rodi kamar raga a ƙasa da bangaye. Inji yana turo siminti da yashi a bushe, sai a bakin tiyon suke gamuwa da ruwa. Mutumin da ke riƙe da bakin tiyon nan, aikin gaba ɗaya a hannunsa yake. In ya cika ruwa, kwaɓin ya zame daga bango. In ya rage, ya yi gari-gari, ya bar kogo a bayan rodi, inda ido ba ya gani sai ran da ruwa ya fara tsiyaya. Akwai kuma ɓurɓushin da ke tsalle ya dawo ƙasa yayin harbawa. Kwashe shi ake yi a zubar, duk mai tattara shi ya cusa a matakala don rage asarar siminti, ya cuci mai gida. In an kwaɓa da ruwa tun kafin a tura cikin tiyo, sunan shotkirit aka fi ba shi.

Me ya sa ake wannan wahala, ga bulo da arha? Nauyin ruwa ne dalili. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi, yana cin lita 48,000, wato tan 48 ke danna ƙasa da bangaye dare da rana. In an kwashe ruwan kuma, ƙasar waje ce ke turowa ciki, balle ƙasar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Bulon da aka jera kamar na katanga, kowace mahaɗa ƙofar tsagewa ce. Gunait kuwa yana fitowa ƙwarya guda, ƙasa da bango a haɗe.

Akwai wasu hanyoyin. Kwamin faiba, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, daga masana'anta ake ɗauko shi cikakke a saka cikin rami. Yana da santsi, gansakuka ba ta saurin kama shi, amma girma da fasalin da suka ƙera za ka karɓa, kuma sai mota da injin ɗagawa sun iya isa gidanka. Na leda mai kauri da ake shimfiɗawa a cikin ramin ya fi sauƙin kuɗi da farko, sai dai tana hujewa, kuma bayan wasu shekaru dole a sake ta. Ana kuma iya kafa katako a zuba kankare mai rodi, in ba a samu injin harbawa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake gaggawar sa tayil. Kankare ba bushewa yake yi ba, ƙarfi yake samu a hankali in yana da danshi, kuma sai wajen kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da ake auna shi da shi. Makon farko a riƙa yi masa ban ruwa safe da rana da yamma, musamman lokacin hunturu da iska ke tsotse danshi nan da nan. Kafin tayil ya hau, a cika kwamin da ruwa, a yi alama a bango, a ajiye bokitin ruwa a kan matakala don a gane abin da rana ta sha. In na kwamin ya fi na bokitin sauka, akwai inda yake yoyo.