Gina Siffofi da Rubutu: Tambayoyi kan OpenSCAD

Me ya bambanta OpenSCAD da sauran manhajojin zane?

Manhaja ce ta zana siffofin 3D, amma ba a jan layi da hannu. Umarni kake rubutawa, ita kuma ta gina. Ka rubuta cube([40,20,5]). Sai ga faranti mai tsawon 40, faɗin 20, kaurin 5. Ba ruwanta da milimita ko inci; masu injin buga 3D ne suka saba ɗaukar lambobin a matsayin milimita. Kyauta ce, tun 2010 ake amfani da ita.

Yaya ake huda rami?

Da difference(). Siffar farko ita ce jiki, duk wadda ta biyo baya sassaƙe ta ake yi daga ciki. Amma silindar da za ta yi hudar ta zarce farantin sama da ƙasa, ko da 0.1 ne. In fuskokinsu suka zo daidai wa daida, sai wata 'yar fata ta rage a bakin ramin.

Na yi rami mai faɗin 8, noti mai kaurin 8 ya ƙi shiga. Me ya faru?

Nan ne sababbin shiga suka fi shan wahala. A OpenSCAD babu da'ira ta gaskiya, gajerun layuka ne aka jera. Kusurwoyinsu kaɗai ke taɓa da'irar, layukan a ciki suke, shi ya sa ramin ke tsukewa. $fn shi ne yawan layukan da'irar. Ka sa $fn=64 ya yi sumul, ko ka raba faɗin da cos(180/$fn). Injin bugawa ma yana cin nasa, don haka a bar ɗan sarari.

Wannan matsalar tana da amfaninta kuwa: $fn=6 zai ba ka mazaunin kan noti mai kusurwa shida. Sai dai faɗin da ka rubuta daga kusurwa zuwa kusurwa ne, ba awon sifana ba.

Wanne ke fara aiki, translate (matsarwa) ko rotate (juyawa)?

Wanda ya fi kusa da siffar. Ka karanta daga dama zuwa hagu. Kuma da digiri ake lissafi, sin(30) zai ba ka 0.5, wanda ya saba da yaren kwamfuta na Python ya kula, don can ba da digiri ake yi ba.

Don gefe mai lanƙwasa, hull ko minkowski?

Ni dai hull. Ka ajiye silinda huɗu a kusurwoyi, hull() ya lulluɓe su kamar an ɗaure da roba. Shi minkowski() yana ƙara wa siffar girma ta kowane gefe, ga shi da jan lokaci in ka danna F6 don fitar da cikakkiyar siffar.